Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu fassara mana fina-finai, akan fim ɗin sojojin da suka so kashe Hitler

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fassara fim zuwa Hausa, da ku masu yanka fim kuna bada labarinsa cikin minti goma a TikTok da YouTube da Facebook, har da ku masu turawa mutane a memori a bakin kasuwa tunda ku ne kuke zaɓa mana abun kallo in mukace a sa mana mai zafi.

Da farko dai sannunku da aiki, ni ba raina sana'arku nake ba, na san akwai mutane da yawa da basu taɓa buɗe littafin tarihi ba amma sun san abubuwa daga bakinku, abun da mai fassara ya faɗa shi suke riƙewa har su je majalisa suna musu dashi. To wannan ƙarfin da kuke dashi ne yasa na rubuto. Maganata akan finafinan da akai ne game da hafsoshin Jamus da suka yi yunƙurin kashe Hitler, musamman Valkyrie na 2008 wanda Tom Cruise ya fito a matsayin Kanar Claus von Stauffenberg. Na ga an yanka shi an bada labarinsa da Hausa, kuma yadda aka bayar ɗin da abun da mutane suka dinga rubutawa a ƙasa ne ya dameni. An maida shi labarin akta da bos, akta ya sa bam bos ya tsallake, shikenan sai ga masu cewa ai Hitler ƙarfe baya cinsa, mutumin nan a dafe yake, wani ma har da yi masa kirari.

Ba laifinku bane ku kaɗai, shi kansa fim ɗin haka aka gina shi. Bryan Singer fim ɗin bugun zuciya ya shirya, ka zauna kana ta fargaba ko bam zai tashi ko ba zai tashi ba duk da ka san ƙarshen, kuma ta wannan fuskar yayi ƙoƙari ba ƙarya, yawancin abun da ya nuna na ranar 20 ga Yulin 1944 haka ya faru. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin abun da bai nuna ba, kuma ku kuna da damar da daraktan bashi da ita, domin ku kuna magana akan hoton, kuna sako bayaninku a tsakiya, in jarumi yana tafiya a mota ba'a magana kuna cike gurin da barkwanci. A wannan fim ɗin ku cike gurin da abun da aka tsallake.

Mu fara da maganar wai ƙarfe baya cinsa, don ita tafi yaɗuwa. Stauffenberg mutum ne da jirgin yaƙi ya buɗe wa wuta a Tunisiya a watan Afrilun 1943, ya rasa idon hagu, ya rasa hannun dama, hannun hagun ma yatsu uku suka rage. Wannan mutumin shi aka ɗora wa haɗa bam, saboda shi ne cikin masu shirin yake samun shiga taron Hitler. Ranar sun zo da ƙunshin bam guda biyu hedkwatar Hitler dake dajin Rastenburg, wadda yanzu tana cikin ƙasar Poland, sai aka matso da taron zuwa 12:30 saboda Mussolini na Italiya, abokin Hitler, zai zo da rana. Yace zai canza riga, suka shige wani ɗaki shi da dogarinsa Werner von Haeften, ya ɗauko wata filaya da aka lanƙwasa masa musamman don yatsu ukun nan su iya riƙewa, da ita zai matse wata 'yar kwalbar asid dake cikin fiyus ɗin, asid ɗin ya cinye waya a hankali sannan bam ya tashi. Suna cikin yi wani saje ya turo ƙofa yace ana jiransu su yi sauri. Guda ɗaya kawai ya samu ya kunna, ɗayan kuma maimakon a jefa shi cikin jakar haka nan Haeften ya tafi dashi, alhali da yana ciki da tashin na farkon zai tayar dashi. Sannan ga ɗakin taron ba na ƙarƙashin ƙasa bane, rana ce ta zafi tagogi a buɗe, ga wani ƙaton teburin katako mai kaurin ƙafa, jakar kuma ta ƙare a bayan ƙafar teburin ta ɗaya ɓangaren. Wajen 12:42 bam ya tashi, mutum huɗu suka mutu sanadinsa, Hitler dodon kunnensa ya fashe wandonsa ya yayyage amma da ƙafarsa ya fita, har ya zaga da Mussolini yana nuna masa ɗakin.

Kun ga ba laya a nan. Rabin bam ne da ƙafar tebur da taga a buɗe, sai kuma kwana da bai ƙare ba. Kuma ku sani wanda ya fara yaɗa maganar cewa wani ikon sama ne ya tsare shi don ya ƙarasa aikinsa shi ne Hitler ɗin da kansa, a jawabin da yayi a rediyo wajen ƙarfe ɗaya na daren. Duk mai fassarar da ya maimaita wannan to farfagandar Goebbels, ministan yaɗa labaran Hitler, yake yi masa kyauta bayan shekara tamanin. Mutumin da wai ba ya mutuwa, ko shekara ba'a yi ba ya harbe kansa a rami a Berlin ranar 30 ga Afrilun 1945.

Haka na jirgin sama da aka nuna a farkon fim ɗin, wanda Kenneth Branagh ya fito a Henning von Tresckow, wani hafsa jigo a shirin. Ranar 13 ga Maris 1943 ce a Smolensk, aka naɗe bam kamar kwalaben giya aka ba wani hafsa mai suna Heinz Brandt yace ya kai wa wani aboki tsaraba, shi bai san me ya ɗauko ba, ya shiga jirgin Hitler dashi bam yaƙi tashi, ana kyautata zaton sanyin ɗakin kaya ne ya hana. Fabian von Schlabrendorff ne ya bi sawu washegari ya karɓo ƙunshin kafin a buɗe. Shi wannan Brandt ɗin kuma yana cikin huɗun da bam ɗin Stauffenberg ya kashe bayan wata goma sha shida, wannan in kun faɗa wa masu kallo ai ya fi musu kirarin banza daɗi.

To yanzu babbar maganar. Fim ɗin yana buɗewa ne da Stauffenberg a sahara ya riga ya tsani Hitler, kamar haka aka haife shi. Ba haka bane. Shi da yawancin hafsoshin nan sun yi wa Hitler aiki shekara da shekaru, da yawansu sun yi murna da ya hau mulki a 1933 don yace zai farfaɗo da soja ya yaga yarjejeniyar Basai da ta ɗaure Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Agustan 1934 da shugaba Hindenburg ya mutu duk sojan Jamus suka yi rantsuwar biyayya, ba ga ƙasa ko tsarin mulki ba, ga Adolf Hitler da sunansa. Stauffenberg ya shiga yaƙin mamaye Poland a 1939, kuma wasiƙar da ya rubuto wa matarsa daga can tana nan, maganganun raini ne akan mutanen Poland da Yahudawa, ba abun da zaka so a karanta a gaban 'ya'yanka bane. Ya shiga na Faransa a 1940. Sai wajen 1942 ne, da labarin kisan Yahudawa da yunwar da ake kashe fursunonin Rasha da ita ya cika masa kunne kuma ya ga yadda ake tafiyar da yaƙin, ya fara faɗa a fili cikin abokai cewa sai an kawar da mutumin nan.

Wannan juyawar ita ce labarin, kuma ita ce ba'a nuna ba. Mutumin da aka haifa waliyyi me zan koya a gurinsa? Wanda ya bi ɓata ya yi mata hidima sannan ya waiwayo, ya san in ya waiwayo kansa zai tafi, shi ne abun kallo.

Kuma a cikin tawagar akwai waɗanda hannunsu dumu-dumu yake da jini, ba wai sun yi shiru kawai ba. Arthur Nebe yana cikin masu shirin, shi ne kuma ya jagoranci ɗaya daga cikin rundunonin kisa na SS, dakarun jam'iyyar Nazi, da suka bi bayan soja cikin Rasha a 1941 suna harbe Yahudawa, dubun dubatar mutane aka kashe a ƙarƙashinsa. Helldorf shugaban 'yan sandan Berlin tsohon ɗan Nazi ne da ya gallaza wa Yahudawan birnin. Janar Eduard Wagner wanda ya ba Stauffenberg jirgin da ya dawo dashi Berlin ranar, yana cikin masu alhakin tsarin da ya bar fursunonin yaƙin Rasha suna mutuwa da yunwa. Shi kansa Tresckow da kowa ya yarda shi ne ƙashin bayan shirin, masana tarihi har yau suna jayayya akan takardun da suka bi ta teburinsa a hedkwatar rundunar tsakiya ta Jamus a fagen yaƙin Rasha, me ya sani, yaushe ya sani, me ya sa wa hannu. Ba kuma dukkansu ne ke neman dimokuraɗiyya ba, wasunsu so suke a kawar da Hitler a yi sulhu da Ingila da Amurka amma Jamus ta riƙe Ostiriya da wasu yankunan da ta ƙwace, alhali ƙasashen ƙawance tun taron Kasablanka na Janairun 1943 sun ce ba wata magana sai miƙa wuya ba sharaɗi.

Ga kuma lattin. Lokacin da bam ɗin ya tashi sojojin ƙawance sun fi wata guda da sauka a Nomandi, Rasha ta ragargaza rundunar tsakiya a gabas, kuma tsakanin Mayu da farkon Yulin wannan shekarar kaɗai an kwashi Yahudawan Hangari sama da 430,000 a jirgin ƙasa, yawancinsu zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Mai son ya ce ihu bayan hari ne yana da hujja. Amma ni ban tsaya a nan ba, don kusan rabin sojojin Jamus da suka mutu a yaƙin gaba ɗaya bayan wannan ranar suka mutu, banda garuruwan da aka ƙone da fursunonin da suka mutu a sansanonin gwale-gwale a watannin ƙarshe, to da ya yi nasara ko a makaren da rayuka masu yawa sun tsira. Su kansu sun san an makara, Stauffenberg ya aika yana tambaya ko akwai sauran amfani, Tresckow ya maido amsa cewa a yi ko ta halin ƙaƙa, ko ba za'a ci nasara ba, don duniya ta shaida akwai Jamusawan da suka sa ransu suka gwada. Washegarin da abun ya rushe ya fita bakin daga ya tayar da gurneti a jikinsa.

Akwai wani da nake so ace an yi masa fim ɗinsa shi kaɗai, Axel von dem Bussche. Matashin hafsa ne, a watan Oktoban 1942 a filin jirgin Dubno dake Yukiren ya tarar ana harbe Yahudawa, maza da mata da yara an tuɓe su an jera su a bakin rami, ya tsaya yana kallo ba abun da ya iya yi, kuma har ya mutu wannan tsayuwar tana cinsa. Daga baya ya yarda zai saka sabon kakin soja da za'a nuna wa Hitler, bam a aljihu, ya rungume shi su tashi tare. Jiragen ƙawance suka yi ruwan bam a Berlin a watan Nuwamban 1943 taragon da kakin yake ciki ya ƙone, aka ɗage, shi kuma ya koma fagen daga ya rasa ƙafa, kwanciyar asibitin ce ma ta sa ya tsira da aka zo kame. Ramin Dubno shi ne dalilin, to in mai kallo bai ji labarin ramin ba me zai ɗauka? Zai ɗauka wasu hafsoshi ne ke kwaɗayin kujera, kuma haka Hitler ya kira su a jawabin daren nan, wai 'yan tsirarun hafsoshi masu buri marasa imani.

Nan ma finafinan suna taimaka wa ƙaryarsa ba tare da sun sani ba, domin kamara kaki take so. Bayan sojojin akwai farar hula da yawa. Carl Goerdeler tsohon magajin garin Leipzig da aka shirya zai zama shugaban gwamnati, Julius Leber ɗan jam'iyyar SPD da Hitler ya haramta, wanda ya riga ya sha zaman sansani kuma aka sake kama shi a farkon Yuli kafin ranar, Wilhelm Leuschner na ƙungiyar ƙwadago, su Moltke da Yorck da suke taruwa a Kreisau suna tsara yadda ƙasa zata kasance bayan Hitler, da malaman coci irin su Alfred Delp da Dietrich Bonhoeffer. Ga mata da suka dinga buga takardun sirrin da safar hannu don kar a ga zanen yatsu. A fim Goerdeler ya fito kamar wani tsoho mai yawan surutu da ke ɓata wa jarumi lokaci.

Wani abun da nake roƙonku, mu nan in aka ce hafsoshi sun tashi zasu kawar da shugaba ba sai an yi mana bayani ba, akwai 15 ga Janairun 1966 akwai 13 ga Fabrairun 1976, har yau ciwon bai warke ba, wasu kuma duk sanda aka ji kiɗan soja a maƙwabta sai su hau murna. Dan Allah kar ku fassara fim ɗin nan da bakin da zai sa yaro ya tashi da cewa duk mai kaki da ya ɗauko bindiga akan gwamnati Stauffenberg ne. A Jamus ta 1944 ba zaɓe, ba jam'iyya sai ɗaya, ba jarida mai 'yanci ba kotun da zaka kai ƙara, ana kashe mutane miliyoyi a masana'antar kisa, kuma masu shirin farar hula suka tanada zasu karɓi gwamnati. Wannan ba irin wancan bane, ku bambance.

Shi shirin ma in kuka yi bayaninsa da kyau ya fi harbe-harbe jan hankali. Valkyrie tsari ne na gwamnati da Hitler da kansa ya amince dashi, na yadda rundunar ko-ta-kwana dake cikin gida zata fito ta kama muhimman gurare in tarzoma ta tashi. Su Janar Olbricht da Tresckow da Stauffenberg suka yi masa kwaskwarima a ɓoye, in Hitler ya mutu sai a ce wasu jiga-jigan jam'iyya ne ke son ƙwace mulki, soja su fito su kame SS suna zaton kare gwamnati suke. Wato yawancin sojojin da zasu yi juyin basu san juyi suke ba, kuma nan ne raunin. Mai sa bam shi ne kuma mai jan ragamar Berlin, yana sama a jirgi aka ɓata awa uku ana jiran tabbaci, umarni bai fara fita sosai ba sai wajen ƙarfe huɗu, ba'a riƙe gidan rediyo ba, da yamma rediyo ya sanar Hitler na raye. Manjo Otto Remer da aka tura ya killace unguwar ma'aikatu ya shiga gurin Goebbels, Goebbels ya ɗaga waya ya haɗa shi da Hitler, yaji muryar, shikenan ya juya bindigoginsa. A Faris kuwa abun ya ci, Janar Stülpnagel ya kame 'yan SS da 'yan sandan ciki na Gestapo sama da dubu a dare ɗaya, da safe dole aka sake su.

Valkyrie ya ƙare ne a harabar Bendlerblock, hedkwatar rundunar ko-ta-kwana a Berlin, tsakar dare da fitilun mota, aka harbe Olbricht da Haeften da Stauffenberg da Mertz von Quirnheim bisa umarnin Janar Fromm kwamandan rundunar, wanda ya san da shirin yana son rufe bakinsu, shi ma bai tsira ba an harbe shi a Maris 1945. Daga nan sai 'yan gajerun hotuna da rubutu, fim ya tashi. Ku kar ku tashi a nan. Ku faɗi yadda aka kai sauran gaban alƙali Roland Freisler, aka kawo Fil Mashal Witzleben tsoho an ƙwace masa bel da haƙoran roba yana riƙe da wando da hannu kar ya zame, alƙalin yana daka masa tsawa yana zaginsa, ga kamara a ɓoye tana ɗauka don a nuna wa jama'a, to fim na farko da aka fara yi akan mutanen nan kenan, 'yan Nazi ne suka ɗauka. Aka rataye su a kurkukun Plötzensee a jikin ƙugiyoyi. Kimanin mutum 200 aka kashe kai tsaye akan shirin, dubbai aka kama. Sannan aka bi dangi, matar Stauffenberg Nina tana da ciki aka kama ta, a tsare ta haihu a Janairun 1945, 'ya'yanta huɗu aka kwashe su aka kai wani gidan yara a Bad Sachsa aka canza musu suna. Shi kuma Freisler bam ɗin jiragen Amurka ne ya kashe shi a kotunsa ranar 3 ga Fabrairun 1945, Schlabrendorff mai karɓo kwalaben nan yana jiran shari'arsa, ya rayu har ya zama alƙali a kotun tsarin mulkin Jamus ta Yamma.

Kar kuma ku ce daga an gama yaƙi sai Jamusawa suka ɗauke su jarumai. Shekaru da yawa mutane da dama maciya amana suke kiransu, matan wasunsu sai da suka sha wuya kafin a basu fansho. Remer ɗin nan ya shiga siyasa yana yawo yana zaginsu, sai da mai gabatar da ƙara Fritz Bauer ya maka shi a kotu a Braunschweig a 1952 aka yanke masa wata uku, kuma har ya mutu a Sifen a 1997 yana musun kisan Yahudawa. A fim ya fito kamar wani soja mai bin umarni kawai da ya rasa yadda zai yi.

Yana da kyau ku san su finafinan ma kowanne da lokacinsa da buƙatarsa. A watan Yunin 1955 finafinai biyu suka fito a Jamus ta Yamma akan wannan rana ɗaya, kwana kaɗan tsakaninsu ana rige-rige, ɗaya na G. W. Pabst ɗaya na Falk Harnack wanda shi kansa ɗan gwagwarmaya ne, 'yan Nazi sun kashe yayansa Arvid a 1942. Me yasa 1955? Shekarar ce ƙasar ta shiga NATO ta kafa sabuwar rundunar soja, ana neman sojojin da za'a nuna a ce ga kakanninmu na kirki. Kafin nan Amurkawa sun yi The Desert Fox a 1951, James Mason ya fito a Rommel, shahararren Fil Mashal ɗin Jamus, aka wanke shi tas kamar shi ma jigo ne a shirin, alhali har yau ana gardama akan iya abun da ya sani, ranar ma yana kwance a asibiti jirgi ya harbi motarsa kwana uku kafin nan, abun da ba gardama shi ne an tilasta masa shan guba ranar 14 ga Oktoban 1944 sannan aka yi masa jana'izar ban girma don a rufe. Irin waɗannan finafinan sun taimaka wajen dasa tunanin cewa SS ne kawai miyagu, sojan Jamus na gaskiya hannunsa tsaf yake.

Mu kuwa bai kamata a sayar mana da wannan ba. A watan Yunin 1940 lokacin da Jamus ke mamaye Faransa, sojojinta sun dinga ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka miƙa wuya daga cikin fararen, su harbe su, a Chasselay kusa da Liyon har yau maƙabartarsu tana nan. A 1937 an bi yaran da baƙaƙen sojoji suka haifa a yankin Rhineland aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Kakanninmu da Ingila ta ɗiba aka kai Habasha da Bama a ɗaya ɓangaren suka yi yaƙi. Na san wasu haushin abun da ake wa Falasɗinawa ne yake sa su yabi Hitler, haushin na gane shi, amma mutumin da ya rubuta a littafinsa cewa ɓata lokaci ne a koyar da baƙar fata ya zama lauya don bai cika mutum ba, wallahi da ni da kai da Balaraben duk a ƙasan jerinsa muke.

In kuna neman wanda zaku fassara bayan Valkyrie, akwai Stauffenberg na 2004 da Jamusawa suka yi wa talabijin, Sebastian Koch ne jarumin, akwai na Sophie Scholl na 2005, ɗalibar jami'ar Munich da aka fille wa kai ranar 22 ga Fabrairun 1943 akan raba takardu. Amma ni wanda nafi so ku fara dashi shi ne na Georg Elser da Oliver Hirschbiegel yayi a 2015. Kafinta ne, ba kaki ba janar a bayansa ba kowa, tun 1938 ya gano mutumin nan yaƙi zai jawo, ya dinga ɓuya a wani zauren taro a Munich da daddare ana kulle shi ciki, sama da dare talatin yana durƙushe yana ƙwaƙule ginshiƙi har gwiwoyinsa suka kumbura, ya dasa bam da agogon da ya haɗa da kansa. Ranar 8 ga Nuwamban 1939 Hitler ya gajarta jawabi ya fita da minti 13, bam ya tashi ya kashe mutum takwas, cikinsu har da wata ma'aikaciyar gurin da ba ruwanta, wannan ma ku faɗa kar ku ɓoye. An tsare shi sama da shekara biyar aka kashe shi a sansanin Dachau ranar 9 ga Afrilun 1945. Lokacin da yake durƙushe a gindin ginshiƙin nan yawancin hafsoshin Valkyrie suna can suna murnar cin Poland.

In kun tashi yi, ku samu wani malamin tarihi ko ɗalibin jami'a ya zauna daku ko na awa ɗaya ne kafin ku shiga situdiyo, ku dinga faɗin shekarar da abu ya faru, kuma gurin da kuka san ƙari ne na fim ku ce ƙari ne. Barkwancin ku ajiye shi a gurin da ya dace, banda kotun Freisler da harabar Bendlerblock.

Na gode, Allah ya ƙara buɗi a sana'a. Wassalam.

Naku, wani mai kallonku.